Kula da Marayun da Tashin Hankali Ya Firgita

Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri a shekarar 2009, gidajen marayu na Arewa maso Gabas suke karɓar yaran da aka kashe iyayensu a gaban idonsu, da waɗanda suka kwana a daji suna gudun tsira. Irin wannan yaro, ko an ciyar da shi an tufatar, sau da yawa ba ya samun natsuwa. Yakan firgita cikin barci, ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, ko ƙarar babur ta sa ya shige ƙarƙashin gado. Wani ya yi gum, wani ya zama mafaɗaci.

Abin da masana lafiyar ƙwaƙwalwa suka bayyana shi ne, jikin yaron bai yarda hatsarin ya wuce ba, kullum cikin shirin gudu yake. Saboda haka bulala ba ta gyara shi, sai dai ta tabbatar masa har yanzu ba shi da mafaka. Addu'a tana sanyaya zuciya, ba mu wasa da ita, amma ba kowace firgita ce ta aljanu ba.

Tushen magani shi ne mai reno guda ɗaya, horarriya, wadda za ta daɗe tare da 'yan yara kaɗan har su amince da ita. Lokacin abinci, salla da barci ya tsaya ba canji. A bar yaro ya yi zane da wasa, domin a nan yake fitar da abin da baki ya kasa. Wanda lamarinsa ya tsananta a kai shi ga likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Maiduguri.

A nan ne batun ya shafe ku. Maraya mabuƙaci yana cikin fakirai da miskinai da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata, don haka zakka takan ɗauki cinsa da suturarsa. Amma albashin mai reno yana buƙatar kuɗin da ba ya yankewa, wato kuɗin hayar shago ko amfanin gonar waƙafi. Duk ranar da ta bar aiki don rashin biya, yaron ya sake rasa uwa.

Muna kuma roƙon kwamitocin masallatai masu kai ziyara, musamman a watan azumi, kada a tsayar da yaro gaban baƙi ya ba da labarin yadda iyayensa suka rasu, kuma kada a ɗauki hotonsa don neman taimako.