Taimakon Fadama Ta Hannun Ƙungiya Yake Bi

Duk shekara idan ruwa ya ɗauke, kaka ta wuce, manoman rani a Jihar Sakkwato sukan fara tambayar juna ko bana akwai taimakon gwamnati. Wani ya ji a rediyo an raba injin ban ruwa da taki. Wani ya ga mota ta sauke buhuna a sakatariyar ƙaramar hukuma. Amma da yawa ba su san ta inda abin yake bi ba, har suna cewa sai mai uwa a gindin murhu ke samu. Ana yin son kai a wasu wurare, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba. Irin wannan taimako ba a tsara shi don a miƙa wa mutum shi kaɗai ba. An tsara shi ne ya bi ta hannun ƙungiya mai rajista. Tarihin shirin Fadama ya nuna haka sarai.

Allah ya hore wa Sakkwato fadamu a bakin Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato. Daga Goronyo zuwa Wurno, Kware, Wamakko da Silame, ana noma albasa, tafarnuwa, tumatir, barkono, shinkafa da alkama. A da, da jigo ake ban ruwa. Mutum ya wuni yana ja, amma abin da zai iya shayarwa bai wuce ɗan lambu ba. Alhali kuwa a fadama ruwa ba shi da nisa a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka kafa bututu, aka haɗa shi da ƙaramin injin fetur, ruwa zai fito ko da tsakiyar bazara.

A kan wannan aka gina shirin Fadama na farko. A 1992 Bankin Duniya ya amince ya ba Nijeriya rancen dala miliyan 67 da rabi. Jihohin da aka fi mai da hankali a kansu da farko su ne Sakkwato, Kebbi, Kano, Jigawa da Bauchi. A Sakkwato aikin ya bi ta hannun hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha da malaman gonarta. An haƙa rijiyoyin bututu, an samar da injuna, kuma tun a lokacin an nemi manoma su haɗu cikin ƙungiyoyi. Shirin ya ƙare a 1999.

Noma ya ƙaru ƙwarai, amma an ga gyara. An kula da manomi, an manta da makiyayi da masunci, waɗanda su ma da fadamar suke rayuwa. Inda shanu suka saba bi su sha ruwa ya zama lambu, sai rigima ta tashi. Ga kuma albasa da tumatir sun yi yawa lokaci guda, babu hanyar mota, babu wurin ajiya, farashi ya faɗi. Saboda haka da aka zo Fadama na biyu a 2004, sai aka sauya tsari. Aka ce jama'a su zauna su faɗi abin da suke so da bakinsu, maimakon a zaɓa musu daga ofis. Sakkwato ba ta cikin wannan zagaye, amma maƙwabciyarta Kebbi tana ciki. Sai a Fadama na uku, wanda aka amince da shi a 2008 da rancen dala miliyan 250, aka haɗa dukkan jihohi 36 da Abuja.

Tsarin Fadama na uku ya kamata kowa ya gane shi, domin shirye-shiryen da suka biyo baya da yawa sawunsa suka bi. Masu sana'a iri ɗaya su ke haɗuwa su kafa ƙaramar ƙungiya. Masu albasa daban, masunta daban, makiyaya daban, mata masu gyaran shinkafa ko tuyar ƙuliƙuli daban. Waɗannan ƙananan ƙungiyoyi na yanki guda sai su haɗu su yi uwar ƙungiya. Uwar ƙungiyar ce ke zama, tare da wani jami'i da aka turo ya taimaka, ta rubuta buƙatun yankin a takarda ɗaya. Takardar ta tafi ga kwamitin ƙaramar hukuma, daga nan ta wuce ofishin Fadama na jiha a birnin Sakkwato. Abin da bai shiga wannan takarda ba, ba a ba da kuɗinsa. Shi ya sa mutumin da bai je taro ba, daga baya ya tafi sakatariya shi kaɗai neman inji, yakan dawo hannu banza. Ba lallai ƙinsa aka yi ba. Sunansa ne babu a takarda.

A zamanin Fadama na uku, kuɗin ma ba duka gwamnati ke biya ba. Idan kayan aiki ne, kamar injin ban ruwa ko injin niƙa, a kan kowace naira 100 ƙungiya ta kawo 30, shirin ya cika 70. Idan taki ne da iri, rabi da rabi ake yi. Idan kuwa aikin kowa da kowa ne, kamar 'yar hanyar fadama, kwalbati ko rumfunan kasuwa, jama'a su kawo 10, shirin ya kawo 90. A irin wannan aiki na gayya akan karɓi yashi, dutse ko aikin ƙarfi a madadin kuɗi. Wasu sun yi gunaguni, suna cewa in taimako ne me ya sa za a nemi nasu. Amma kowa ya san yadda ake riƙon abin da aka samu a banza. Injin da mutum ya sa guminsa a ciki, ba ya barinsa a rana.

An kuma nemi kowace ƙungiya ta riƙa ajiye wani abu a asusu daga abin da kayan aikin suka samar, domin ranar da inji ya tsufa a sayi wani. Wannan shi ne wurin da ƙungiyoyin jeka-na-yi-ka suke tonuwa. Ƙungiyar da aka kafa daren jiya saboda an ji ƙishin-ƙishin na rabo, da an raba kaya sai ta watse. Bayan shekara biyu inji ya lalace, babu mai gyara shi.

Wajibi ne kuma a bambanta tallafi da rance. Kason da shirin Fadama ke biya tallafi ne, manomi ba ya mayarwa, ko da yake ita gwamnati rance ta ci daga Bankin Duniya. Amma shirin noman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, rance ne. Manomi ya karɓi iri da taki da magani, idan ya girbe ya biya da shinkafa ko da kuɗi. Mutane da yawa a jihohi daban-daban sun ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa, ba su biya ba. Bashi ya taru, aka yi ta bin manoma. Don haka kafin kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takarda, ya tabbata an karanta masa ita tun daga sama har ƙasa. Ya tambaya ƙarara: kyauta ce ko bashi? In bashi ne, nawa za a biya, kuma yaushe? Ƙungiyar da magatakardanta ya iya karatu da lissafi ta tsira daga wahala mai yawa.

Fadama na uku an rufe shi a 2019. Bayan annobar korona, a ƙarshen 2020, Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don wani shiri mai suna NG-CARES, wanda ya shafi dukkan jihohi. Ɓangaren noma na wannan shiri ofisoshin Fadama aka danƙa wa. A 2025 an ƙara wa shirin dala miliyan 500. Tsarinsa ya ɗan bambanta. Jiha ce ke fara kashe kuɗinta, sannan masu bincike su zo su duba, in sun tabbatar an yi aikin a mayar mata. Ma'ana, baƙi suna iya sauka ƙauye da takarda a hannu, su kira suna, su ce a nuna musu gona da injin da aka ce an bayar. Wanda ya karɓi kaya ya sayar a kasuwa, ko ya ara wa wani sunansa, ya jawo wa ƙauyensu baƙin jini a zagaye na gaba.

Mutanen da ke son kafa ƙungiya ba sai sun jira an yi shela ba. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ta yarda mutum goma su yi rajista. Su zaɓi shugaba, magatakarda da ma'aji, kuma kada ukun su fito daga gida ɗaya. Su sayi littafi biyu, ɗaya na rubuta abin da aka tattauna a taro, ɗaya na kuɗin shiga da fita. Su yanka abin da kowa zai riƙa zubawa, ko kaɗan ne, ranar kasuwa ko bayan Juma'a. Sannan su nemi jami'in ƙungiyoyin gama kai ta hannun ƙaramar hukumarsu don rajista, su buɗe asusu a banki da sunan ƙungiya. Kowane ɗan ƙungiya ya tanadi lambarsa ta katin ɗan ƙasa da lambar BVN ta banki, domin yanzu da wuya a yi rabon gwamnati ba a tambaye su ba. Mata ma su kafa tasu, kada su tsaya a bayan sunan mazajensu, gama shirye-shiryen nan sukan ware musu kaso.

Yana da kyau a sanar da hakimi da uban ƙasa, a kuma riƙa gayyatar malamin gona zuwa taro, don shi yakan fara jin labari idan sabon abu ya taso. Duk kuɗin da aka biya a ofis, a karɓi rasit a liƙa a littafi. Idan wani ya zo ƙauye da fom a jaka yana sayarwa, yana cewa shi zai sa sunan mutane a Sakkwato, kada a ba shi ko kwabo sai an tura mutum biyu sashen aikin gona na ƙaramar hukuma sun tambayo.