Ƙasar da Ta Sha Fari Ba Ta Shan Ruwa: Jan Kunne ga Mazauna Tsallaken Kogin Kaduna

Duk lokacin da ruwan sama ya ɗauke na makonni a tsakiyar damina, ko rani ya yi tsawo, hankalin jama'a kan koma kan gona da rijiya. Ba mai tunanin ambaliya. Wasu ma cewa suke yi ƙasa ta ji ƙishi, duk ruwan da ya sauko za ta shanye. Wannan fahimta kuskure ce, kuma tana iya jawo asarar gida, har da rai. Ruwan farko mai ƙarfi bayan fari yana cikin ruwan da ya fi haɗari.

Ga dalili. Lafiyayyar ƙasa cike take da ƙananan ƙofofi: hanyoyin saiwar ciyawa, ramukan tana da na gara, da sararin da ke tsakanin ɓarɓashinta. Ta nan ruwa ke nutsewa. Idan fari ya daɗe, ciyawa ta mutu, dabbobi suka tattake wurin, aka kuma cinna wa daji wuta, sai ƙasa ta zama fako. Ranar da hadari ya sauke ruwa, ɗigon farko kan farfasa saman ƙasar, laushin turɓaya ya cike ƙofofin, ya yi ɓawo. Ƙasar laka kuwa, ko da ta tsattsage, ruwan farko ne kawai ke shiga tsagar, daga nan ta kumbura ta rufe. Sauran ruwan sai ya bi gangare a guje, kamar an zuba shi a kan faranti.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga haka da idonsu. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, masana sun lura cewa koguna irin su Sirba, da ke zuba a Kogin Kwara, sun ƙara kawo ruwa alhali ruwan sama raguwa ya yi. Itatuwa da ciyayi sun tafi, ƙasa ta daina sha. Yamai ta sha fama da ambaliya tun daga nan, kuma ta 2020 tana cikin mafi muni.

Kaduna ba hamada ba ce, tana samun ruwan da ya kai kimanin milimita 1,200 a shekara. Amma unguwannin kudu da kogi suna da nasu rauni. Ƙasar wurare da yawa ja ce mai marmara, wadda ke taurara da zarar ta bushe. Gonaki da fadamun da ke kewaye da Sabon Tasha, Kamazou, Mahuta da Gonin Gora sun koma gidaje, tsakar gida kuma an shafe ta da siminti ko intalok. Mun ƙara wa farin Allah wani fako na hannunmu.

A yi lissafi. Fuloti mai ƙafa 50 da 100, idan aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, yana karɓar sama da lita 23,000, wato fiye da jarka 900 mai cin lita 25. In ƙasa ba ta sha ba, duk wannan ruwan titi zai fita. A tara na gida ɗari, na gida dubu. Daga nan sai lambatu, wanda tun rani aka cika da leda da robar ruwa da yashi, sai rafuka irin su Romi, sai Kogin Kaduna, wanda shi ma ya taso da nasa kayan tun daga tsaunukan Jos. Mutanen Barnawa da Nasarawa da ke bakin kogi ba su manta da shekarar 2003 ba, lokacin da kogin ya tumbatsa ya shiga gidaje, kuma an sake gani a 2012.

To, me ya kamata a yi? Kwanakin da ruwa ya ɗauke su ne na aiki. Masu unguwanni da limamai da fastoci su haɗa matasa a yashe lambatu da kwalbati, a kuma kwashe abin da aka fitar, domin in an tara shi a bakin kwata, ruwan farko zai mayar da shi ciki. Mai gini ya bar wani sashe na tsakar gida babu siminti, ya dasa itace, ya tari ruwan kwano a tanki. Mai gona ya bar kara da ganye su rufe ƙasa maimakon ƙonawa, ya zuba taki, ya yi kunya a gicciye da gangare. Manoman Tawa a Nijar sun farfaɗo da fako mai yawa ta hanyar haƙa ƙananan ramukan tassa da rabin wata masu tare ruwa, kuma dabarar ba ta fi ƙarfin kowa ba.

Kafin sayen fili, a tuntuɓi hukumar tsara birane ta KASUPDA, a kuma tambayi dattawan wurin inda ruwa ke bi. Rafin da ya ƙafe bai mutu ba, kuma arhar filin bakinsa tsada ce. A riƙa sauraron hasashen hukumar yanayi ta NiMet da gargaɗin hukumar sa ido kan ruwa ta NIHSA da hukumar agajin gaggawa ta jiha a rediyo. Wanda ke kwari ya ajiye takardun gida da na makaranta a leda a wuri mai tsayi, ya san inda zai kai iyali in dare ya yi. A hana yara wasa a lambatu, masu babur da mota kuma kada su kutsa ruwa mai gudu, domin wanda bai kai gwiwa ba yana kayar da babban mutum.

Idan muka fita roƙon ruwa, mu dawo mu ɗauki shebur mu gyara masa hanya. Roƙon ya fi kyau ga wanda ya shirya karɓar abin da ya roƙa.