Daga Goro Zuwa Jikinmu: Me Ke Sa Tsufa?



Kowa ya taɓa ganin kaka ta fasa goro ta ajiye ɓari. Kafin a jima sai ka ga wurin da aka fasa ya yi duhu. Haka ƙarfe ke yin tsatsa in ya sha damina. Dalilin duka biyun ɗaya ne, wato iskar oksijin da muke shaƙa. To, irin wannan na faruwa a jikinmu ma.

Allah Ya gina jikin ɗan Adam da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A cikinsu akwai wasu ƴan abubuwa da ake kira mitokondiriya. Mu ɗauke su kamar murhu: abincin da muka ci shi ne itace, oksijin kuma ita ke hura wutar, daga nan ƙarfi ke fitowa mu yi tafiya, mu yi hadda. Wani abin mamaki, daga uwa kaɗai mutum ke gadonsu.

Sai dai fa babu murhun da ba ya tartsatsi. Wajen wannan ƙuna, wasu ɓurɓushi masu kaifi kan kuɓuce, su ne masana ke cewa radikal. In suka yi yawa sai su riƙa lalata kitse da furotin da kayan gado na cikin ƙwayar. A shekarar 1956 wani masani ɗan Amurka, Denham Harman, ya kawo ra'ayin cewa taruwar wannan ɓarna na cikin abin da ke kawo tsufa. A yau an gano tana da hannu a ciwon suga, ciwon zuciya da yanar ido. Hayaƙin taba da na itace suna ƙara ta.

Amma jiki bai zauna haka ba. Yana ƙera masu kashe tartsatsin da kansa, kuma abinci na taimaka masa da bitamin C da E. Ga su nan kusa da mu: gwaba, lemo, tumatir, zogale, garin ɗan kuka, gyaɗa.

A nan ne muke roƙon a kula. Muna ganin iyayenmu na zuba kuɗi wajen sayen ƙwayoyin da masu talla ke cewa wai suna hana tsufa. A ƙasar Finlan an gwada ƙwayar beta-karotin a kan maza masu shan taba wajen 29,000. Da sakamakon ya fito a 1994, sankarar huhu ta ƙaru ne da kashi 18 cikin 100 ga waɗanda suka sha ta. Ashe abin da ke da amfani a cikin karas yana iya cutarwa in an tara shi a ƙwaya. Kuma radikal ɗin ba duka ne sharri ba, da su sojojin jini ke kashe ƙwayoyin cuta.

Don haka mu ci ganye da ƴaƴan itace, mu motsa jiki domin yana ƙara yawan mitokondiriya a tsoka, mu guji taba, a dafa abinci inda iska ke shiga. Kada kaka ta sha wata ƙwaya sai likita ya ce. Tsufa ba shi da magani, amma jiki amana ne.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya. Wallahu a'alam.