Me ya sa muke cewa "farin magi"?

Ka shiga shago a Gangara ko kasuwar Sabon Birni ka ce a ba ka omo, duk garin wankin da aka miƙo maka karɓa za ka yi. Haka makilin: asalinsa Macleans ne, yau kowane man goge baki makilin ne.

To yaya za ka gane sunan kaya ya koma gama-gari? Duba ko ya karɓi sifa. Maggi sunan wani mutumin Suwizalan ne, Julius Maggi, amma mu har "farin magi" muke cewa (Bagobiri ya ce hwarin magi), alhali Ajinomoto ake nufi, kayan wani kamfani daban. Ya ma samu jinsi: "magin ya ƙare". Irin wannan da ƙaramin baƙi za ka fara rubuta shi.

Kamfanoni kuwa ba sa so. LEGO na Denmak, mai 'yan tubalan robar da ake harhaɗawa a gina manyan mutum-mutumi da gidaje, kamar a Legoland ta Billund da aka buɗe a 1968, ya nace a riƙa cewa "tubalan LEGO", ba "legos" ba. Dalili? In suna ya zama na kowa, doka na iya daina kare shi. Haka kamfanin Bayer ya rasa sunan aspirin a kotun Amurka a 1921.