Tafiyar da ake yi cikin ƙwai a kwana 3 na farko

Wani ya turo mana hoton ɗan tsako da ya fito da karkataccen baki, ido ɗaya babu, yana tambaya ko baki aka yi masa. Ni ma abin ya taɓa samuna shekarar da na gama makaranta. Na zuba kiret biyu a ƙaramin inkubeta cikin watan Afrilu, ashe ma'aunin zafin ƙarya yake min, yana nuna 37.5 alhali ciki ya wuce haka. Waɗanda suka fito ba su kai rabi ba, cikinsu har da nakasassu. Sai daga baya na koma na karanta dalili.

In kun fasa ƙwai mai zakara za ku ga ɗan farin tabo a saman gwaiduwa. Wannan tabon dubun-dubatar ƙwayoyin halitta ne a shimfiɗe kamar faifai. Babu kai, babu ƙafa, babu komai. Da zarar ƙwan ya ji ɗumin kwanci, sai ƙwayoyin su fara tafiya, ina nufin tafiya ta gaske. Kafin kwana ɗaya ya cika, wani siririn layi ya bayyana a tsakiyar faifan. Ƙwayoyi na ta kwararowa bakinsa suna nutsewa ƙasa, suna rarrabuwa hawa uku. Hawan sama shi zai ba da fata da ƙwaƙwalwa, na tsakiya nama da jini da yawancin ƙashi, na ƙasa kuma cikin hanji da huhu. A kwana na 2 zuciya ta fara bugawa.

Akwai wasu ƙwayoyin da suka fi ba ni mamaki. Suna tashi ne daga gadon baya, inda laka ke haɗuwa, su bazu cikin jiki kamar fatake. Wasu su nufi fuska su gina ƙashin baki, wasu su shiga fata su zama launin gashi, wasu su bi hanji har ƙarshensa su zama jijiyoyin da ke motsa shi. Ta yaya aka sani? Wata masaniya 'yar Faransa, Nicole Le Douarin, ta lura a 1969 cewa ƙwayoyin salwa suna da alamar da ke bambanta su da na kaza a madubin likita. Sai ta riƙa yanko ɗan ɓangare daga tayin salwa tana dasawa a tayin kaza, ta bi sawun inda ƙwayoyin suka sauka. Har 'yan tsaki aka ƙyanƙyashe masu launin salwa a fuka-fukai. Ku duba wannan haƙuri, tiyata a kan abin da bai kai ƙwayar gero ba!

Hatta ƙwayoyin da za su zama ƙwai ko maniyyi in tsakon ya girma, ba a mazauninsu suke farawa ba. Daga gefe suke shiga jini wajen kwana 2 zuwa 3, jinin ya kai su masauki. Masu tarwaɗa, ku ma haka ne. Bayan kun haɗa ƙwai da ruwan namiji, ƙwayoyin na lulluɓe gwaiduwa a hankali, sai dai naku da sauri, wajen kwana ɗaya an ƙyanƙyashe in ruwa na da ɗumi.

To ina ruwanmu da wannan? Tafiyar lokaci gare ta, kuma ba a maimaita ta. Zafi ya yi yawa a kwanakin farko, ginin kai da ido da baki na iya cakuɗewa, sai ranar 21 ku ga sakamako, kun riga kun ƙona man janareto na sati uku. Karkataccen baki wani sa'in gado ne fa, amma in kun ga nakasa da yawa a zubi ɗaya, ku fara zargin inji. Ɗauke wuta na ɗan lokaci ma bai kai wuce zafi illa ba. Wanda kuma ya mutu tun farko, in kun haska shi da tocila ranar 7, zoben jini kawai za ku gani, ku cire shi kafin ya zama dungu ya fashe.

Wani kuskuren tun kafin inji ake yinsa. Ƙwan da aka tara a ɗaki mai rufin kwano lokacin bazara yana soma wannan tafiya rabi da rabi, rana ya motsa, dare ya tsaya, ya iso inkubeta a galabaice. Ni yanzu kusa da randa nake ajiye nawa, tsinin yana kallon ƙasa, ba na bari ya wuce kwana 7. Ma'auni biyu nake sawa a cikin inji, in sun saɓa ba na zuba ƙwai ko ɗaya sai na gano mai gaskiya. Juyi kuwa aƙalla sau 3 a rana har zuwa ranar 18, kuma na satin farko ko biki ake a gidanmu ba na tsallake shi.