Ƙirgi, Zare da Basilla: Cefanen Mai Ɗinka Littafi da Hannu

Duk wanda ya tashi a gidan malamai ya san gafaka, ya san tadarishi. Kakanninmu ba sa ɗinke littafi. Warƙa-warƙa suke barinsa, a rubuta kalmar da za ta buɗe shafi na gaba a ƙasan wanda ya gabata don kada tsari ya rikice, sannan a sa shi tsakanin kwali biyu masu rufin fata, a ɗaure da tsinkiya, a zura a gafaka. Littafin rubutu mai bangon fata da matasa ke sha'awar ɗinkawa yanzu, na ajiye lissafi ko waƙa ko abin da ya faru a yini, sabon salo ne. Amma kayan haɗinsa tsofaffi ne a wurinmu, kuma mafi tsadarsu a idon duniya a bayan gidanmu yake kiwo.

Ina nufin jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira akuyar Maraɗi. Fatarta ba kauri, ga ƙarfi, ga ƙwayar fuska mai kyau da ba ta buƙatar ado. Ayarin fatake sun daɗe suna ƙetara Sahara da ita, har ta kai cikin abin da Turawa suka riƙa kira fatar Maroko akwai ta akuyoyinmu. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya ga yadda jemammiyar fata da takalma ke fita daga birnin zuwa arewacin Afirka. A 1901 kuma Douglas Cockerell, gwanin haɗa littafi a Ingila, ya bayyana a littafinsa na wannan sana'a cewa fatar akuyar da kamfanin Royal Niger ke kai musu ita ce ta fi yi masa amfani. Har gobe masu haɗa littafi a can suna kiran irin wannan fata da sunan Neja. To abin takaici ne a ga ɗan Kano ya shiga kasuwa neman bangon littafi ya fito da ledar kujera.

Inda ake samu ba ɓoyayye ba ne. A Kano akwai Majema ta wajen Ƙofar Wambai, akwai dukawa da masu sayar da ƙirgi a Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Sakkwato da Damagaram da Maraɗi duk suna da majemansu. Manyan kamfanonin jima na Sharaɗa da Challawa su ma suna nan, sai dai su dila suke sayarwa, yawanci zuwa waje, kuma mai neman fata ɗaya bai cika samun shiga ba. Wanda littafi ɗaya ko biyu zai yi, ya nemi ragowar yanka wajen masu takalma da jakunkuna. Sau da yawa abin da suka ture gefe ya isa bangon ɗan littafin aljihu.

Kafin a taya, a san irin jimar. Iri biyu ce a kasuwa. Ta gargajiya da bagaruwa ake yi: a cire gashi da ruwan toka, a kankare, a jiƙa cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa har ta ratsa, a shafa mai, a murza, a shanya. Ta kamfani kuwa galibi da gishirin kurom ake yi, wanda ke gama aiki cikin kwana ɗaya ko biyu. Ta kurom tana da laushi, ba ta tsoron ruwa, ta dace da takalmi da jaka. Amma ga littafi ta bagaruwa ta fi, domin tana karɓar gam, tana yarda a fere gefenta da aska, kuma idan aka ɗan jiƙa ta aka lanƙwasa ko aka danna mata zane, sai ta bushe a haka. Bambance su ba wuya. A yanki ɗan gefe a dubi cikin: idan ruwan toka ne mai shuɗi-shuɗi, kurom ce; idan ruwan ƙasa ne, bagaruwa ce. A ɗiga ruwa: ta bagaruwa za ta sha ta yi duhu nan take. Wanda bai gamsu ba ya ƙona ɗan ƙyalle da ashana. Kurom na barin toka mai kore, leda kuma narkewa take tana warin roba, kuma bayanta yadi ne.

Ni dai da kuɗina na koyi sauran. Ranar da na fara sayen ƙirgi, launi na bi. Wata fata ce ja jawur, ta sha karan dafi, tana ɗaukar ido. Ban ɗaga ta ba, ban goga ba, na biya na naɗe. Littafin ya yi kyau kwana uku. Rana ta huɗu na sa shi a aljihun farar shadda na tafi Juma'a cikin zafi, na dawo ƙirjina kamar wanda ya yi aikin fawa. Da na koma da ƙorafi, wani dattijon baduku da ke zaune kusa ya karɓi fatar ya juya ta.

"Yaro, ka goga kafin ka saya?"

"A'a, Baba."

"To ai ba a sayen ƙirgi da ido."

Ya tsoma farin tsumma a buta ya murza, tsumman ya rine. Ya ɗaga fatar saitin rana ya nuna mini wurare biyu da haske ke ratsawa, inda wuƙar mai fiɗa ta zarce. Ya ninke ta ya matse da yatsu, fuskar ta yi ƙananan tsagu, alamar ta bushe ko bagaruwa ba ta ratsa ba. Tun daga ranar waɗannan ukun nake yi kafin in tambayi kuɗi, na huɗunsu in sansana, don fatar da jimarta ba ta nuna ba tana ƙarni, kuma damina na sauka za ta yi fumfuna.

A kula da fatar tunkiya da ta rago, musamman bayan Babbar Salla da suke cika kasuwa. Sun fi araha, sun fi faɗi, amma fuskarsu na saɓulewa, kuma a gadon bayan littafi, inda ake buɗewa da rufewa kullum, nan take fara ci. Ta saniya ta yi kauri sai an fere, ga shi masu ganda sun sa ta tsada. Kaurin milimita 1 zuwa 1.5 ya wadatar ga bango mai laushi. A yanka daga tsakiyar baya, a guji ciki da hammata, don nan fata ke miƙewa kamar danƙo. Kuma a je kasuwa da takarda da aka yanka daidai girman bangon, har da abin da zai naɗo, a ɗora a kai a gani.

Zare ƙaramin abu ne, shi ya sa ake raina shi, alhali shi ke riƙe da littafin. Zaren keken ɗinki ba ya yi: siriri ne, yana yanka takarda kamar reza. Na nailan da masu gyaran takalmi ke amfani da shi yana da ƙarfi, amma yana da santsi, ƙullinsa na kwancewa sai an ƙona bakin. Masu sana'ar a waje zaren lilin suka fi so don ba ya miƙewa. Idan bai samu ba, zaren auduga mai kauri irin na masu ɗinkin hula ko aikin wuyan riga ya isa, muddin an ja shi sau biyu ko uku a kan kakin zuma. Kakin na kwantar da gashin zaren, ya hana shi sarƙewa, ya sa ƙulli ya kama. Wajen masu sayar da zuma ake samunsa, ɗan dunƙule kamar goro zai yi littattafai da yawa. Gwajin zare ɗaya ne: a naɗe a hannu biyu a fizga. In ya tsinke da sauƙi, a bar shi.

Kayan aiki kuwa, nan ne mutane ke ɓarnar kuɗi, su ga akwatin ƙarafa a intanet su yi oda, rabinsu ba za su taɓa amfani da su ba. Basilla siririya ta huda, allura mai faɗin kafa wadda aka dasashe bakinta a kan dutse don kada ta tsaga zaren da ya riga ya shiga, aska mai kaifi, rula ta ƙarfe, almakashi, da katako mai laushi da za a yi yanka a kai. Maƙeri zai ƙera basilla daga sifok ɗin keke ya sa mata ƙota. Abin goge ninki, wanda Turawa ke yi da ƙashi, haƙarƙarin sa da aka dafa aka kankare aka goge da sanfefa yana yi, bayan cokali ma yana yi. Matsi kuma, katako biyu da bulo a sama.

Gam yana da nasa sharaɗi. Mai warin fetur na masu takalma yana kamawa nan take, ba ya ba da damar gyara, kuma da daɗewa yana ɓata takarda. Farin gam na kafintoci ya fi. Kunun fulawa ko na sitaci shi ne na asali, yana ratsa fatar bagaruwa sosai, sai dai kyankyaso da gara na sonsa kamar yadda muke son tuwo. Akwai ɗinkin da ba ya buƙatar gam sam, inda ake ɗinke takardun kai tsaye a jikin fatar, zaren ya fito a gadon baya ya zama ado. Mai koyo ya fara da shi.

Saura takarda, wadda ita ma tana da wani sirri da ba kowa ya sani ba. Kowace takardar inji tana da jijiya, wato ɓangaren da zarurrukanta suka kwanta. A lanƙwasa ta a hankali ta tsawo, sannan ta faɗi: inda ta fi saurin yarda, nan jijiyar ta bi. Dole jijiyar ta bi tsawon gadon bayan littafi, in ba haka ba shafuka su riƙa tashi, littafin ya ƙi rufuwa, ya yi tumbi da damina. Takardar A4 ta rim, mai milimita 210 da 297, galibi jijiyarta tsawo ta bi, don haka idan aka ninke ta biyu sai ta faɗo a gicciye. Maganin shi ne a je wajen masu ɗab'i a sayi babban falle mai nauyin giram 80 zuwa 100, a gwada shi a gaban mai injin yanka, a nuna masa ta inda zai sa wuƙa. A ce ya bar rarar falle biyu ko uku, domin hudar farko ba ta cika zuwa daidai ba.