Idan Silin Mota Ya Sauko Kan Fasinja

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Maruda zuwa Gwandu, ko daga Birnin Kebbi ya bi ta Kalgo zuwa Jega, ya san wannan abin. Yadin da aka lulluɓe rufin mota da shi daga ciki ya saki, ya yi ciki, yana goga wa fasinja hula, da an zuge gilashi kuma iska ta shige shi ya kama kaɗawa. Wani direban ya soke shi da allurai, wani ya buga masa ƙananan ƙusoshi, wani ya lanƙwaso tsumagiya ya tokare shi daga gefe zuwa gefe. Muddin inji na tashi kuma birki na kamawa, ba mai lissafa silin a cikin gyara. Idan fasinja ya yi magana, yaron mota ya ce masa ya yi haƙuri, Alhaji, an kusa isa.

Sai dai silin da ya sauko alama ce, kuma cuta biyu ce ke kawo ta. Ɗaya zafi, ɗaya ruwa. Ta farko muni kawai take jawowa da ƙura a ido. Ta biyu tana cin ƙarfen mota da wayoyin lantarkinta a ɓoye. Mai motar da bai rarrabe su ba kafin ya sayi gwangwanin gam, kuɗinsa zai kashe sau biyu.

A yawancin motocin da ke bin hanyoyin Kebbi yau, silin hawa uku ne. Akwai allo mara nauyi da aka matse da siffar rufin, na kwali ko na zaren gilas. A jikinsa an manna soso siriri, kaurinsa bai wuce milimita uku ko huɗu ba. A kan soson kuma aka liƙa yadin da ido ke gani. Soson nan shi ne mai rauni a cikinsu. Ɗan'uwan soson katifa ne, zafi da laima suna ruɓar da shi a hankali har ya koma gari mai launin ruwan goro, wani lokaci ya yi danƙo. Da ya mutu, yadin ba shi da abin riƙewa, sai nauyinsa ya janyo shi ƙasa. Galibi daga baya yake farawa, ko daga bakin gilashin gaba.

Ba abin mamaki ba ne a ce abin ya fi yawa a wannan yankin. A watannin Maris, Afrilu da Mayu zafi a Birnin Kebbi da kewaye yakan haura digiri 40, motar da aka rufe aka bari a rana kuwa cikinta yakan wuce digiri 60, kuma kwanon rufin ne ke fara ɗaukar ranar. Ga kuma shekaru. Golf 3 da ta zama jakar 'yan kasuwa a Arewa, tsakanin 1991 da 1997 aka ƙera mafi yawanta. Volkswagen Sharan, wadda kowa ke kira Sharon, a 1995 ta fara fitowa. An yi su ne don sanyin Turai, suka gama aikinsu a can, sannan aka sauke su a Kwatano ko Legas suka zo suka fara sabuwar rayuwa a ƙarƙashin ranar Sakkwato da Kebbi. Soson da ya shekara ashirin da biyar ko talatin ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Tsofaffin direbobi za su tuna cewa Fijo 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975, ba ta cika wannan rigimar ba. Silin irin na da ɗinka shi ake yi, a zura masa sandunan ƙarfe sirara masu riƙe shi daga gefe zuwa gefe, ba ruwansa da soso mai ruɓewa. Yakan yage, yakan yi dauɗa, amma bai cika zubowa gaba ɗaya ba. A wannan fannin dai tsohon yayi ya fi dacewa da ƙasarmu.

Gane ciwon zafi ba ya buƙatar kayan aiki. A danna yadin da yatsa. Idan wurin ya lotsa bai dawo ba, aka ji yana ƙuƙus-ƙuƙus, babu tabo, babu wari, allon da ke sama kuma yana nan da ƙarfinsa, to soso ne ya mutu. A ɗaga gefen yadin kaɗan, garin zai zubo a tafin hannu.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Sai a huda yadin a tsiyaya gam, ko a ɗaga shi a shafa a danne. Gam ɗin ba allon yake kamawa ba, garin soson yake kamawa, tamkar mai shafa siminti a kan bangon da ke zubar ƙasa. Kwana kaɗan ya sake saki, ya bar baƙin tabo inda gam ya ratso yadin. Gyaran gaskiya sai an sauke allon dungurungum. Mai ɗinkin kujerun mota zai cire marikan hannu, makarin rana, fitilar ciki da robobin ginshiƙai, ya kwantar da kujeru, ya zaro allon ta ƙofar baya ba tare da ya karya shi ba. Zai yaye tsohon yadin, ya sa burushi mai tauri ya kankare soson tas har sai hannu ya daina ɗebo gari. Wannan kankarar ita ce rabin aikin, kuma ita ce mai gaggawa ke tsallakewa. Daga nan a shafa gam a allon da kuma bayan sabon yadin, a bari ya sha iska har ya daina bin yatsa, sannan a shimfiɗa daga tsakiya zuwa gefe, rabi-rabi, ana lallashi da tafin hannu. Ba a dannawa da kan yatsa, domin sabon soso yana riƙe shaidar yatsa idan gam bai bushe ba.

Gam ɗin ma ba kowanne ba. Wanda ake liƙa takalmi da shi yakan yi laushi idan kwano ya ɗau zafi. A nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana jure zafi mai tsanani. Wasu masu gyara suna ba da shawarar a sa leda mai kauri irin ta kujera, wai ta fi sauƙin gogewa a motar da ke ɗaukar kaji da buhuna. Gaskiya ne tana gogewa, amma ta fi yadi nauyi nesa ba kusa ba, kuma nauyin ne abokin gabar gam a lokacin bazara. Wanda ya nace sai leda, to a ƙara mata sandunan riƙo.

Ciwon ruwa daban yake, kuma ya fi samun manyan motoci. Da yawa daga cikin bas-bas da ke jigila tsakanin ƙauyuka da kasuwanni, irin su J5 da wasu Hiace, motocin kaya ne aka shigo da su, babu kujeru babu silin. A nan gida aka yanka musu tagogi, mai walda ya haɗa kujeru, kafinta ya buga filawud a rufi ya lulluɓe da leda. A sama kuma aka huda kwano aka ɗaura kariya, aka riƙa lafta mata buhunan albasa, shinkafa da gero. Kowane noti da ya ratsa kwanon ƙofa ce ga ruwa. Nauyi da gargadar hanya suna girgiza notin, ramin ya faɗaɗa, fenti ya tsage, tsatsa ta kama. Rani ba ya tona asirin komai. Sai ruwan Yuli da Agusta ya sauka, filawud ya jiƙa, ya kumbura, ɓawonsa ya rabu falle-falle, ya sauko.

Wannan shi ne ainihin abin da ke damun masu motocin shaƙatawa a Amurka da Turai, wato motocin nan masu gado, kicin da banɗaki a ciki, waɗanda iyali ke tafiya hutu suna kwana a cikinsu. A Amurka sana'a ce babba, mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su, kamfanin Winnebago kuma da aka kafa a 1958 ya yi suna har wasu na kiran kowace irin wannan mota da sunansa. Rufinsu katako ne siriri da aka manna da farin soso mai tauri, aka shimfiɗa roba a sama, aka huda wurin na'urar sanyaya ɗaki, tagar iska da eriya. Masu ƙera su suna gargaɗin a hau a duba abin da aka toshe bakin waɗannan ramuka da shi aƙalla sau biyu a shekara, wasu ma sun ce duk wata uku. Motar da aka kashe wa dubban daloli da bas ɗin da ke lodi a tashar Gwandu, hanyar lalacewarsu ɗaya ce.

Alamun ruwa ba sa ɓuya ga mai lura. Akwai tabo mai zagaye, bakinsa ya fi tsakiyarsa duhu. Akwai warin rima da safe kafin a buɗe ƙofa, da baƙin ɗigo-ɗigon fumfuna a kusurwa. Idan aka danna, ba yadin kaɗai ke motsi ba, allon kansa ya yi laushi. Kan sukurori ya yi ja, fitilar ciki tana kamawa tana ɗaukewa.

Wahalar ita ce inda tabon yake ba lallai nan ruwan ya shigo ba. Ruwa yakan bi ƙarfen da ke tallafe da rufi ya yi tafiyar kamu biyu ko uku kafin ya ɗiga, musamman idan motar ta kwana a karkace. Don haka sai an sauke silin, kwano ya fito fili, a bi sawun tsatsa. Mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, ɗaya ya hau sama da buta ko tiyo, ya fara zuba ruwa daga wuri mafi ƙasa, ya dakata 'yan mintoci, sannan ya matsa gaba. Wanda ya kwarara bokiti a rufin gaba ɗaya zai ga yoyo, amma ba zai san daga ina ba. Wuraren da aka fi zargi su ne ƙafafun kariya, kwatar ruwa da ke gefen rufi, gindin eriya, da robar gilashin gaba, musamman idan an taɓa canza gilashin. Motar da ke da tagar rufi kuwa tana da siraran bututu a kusurwoyi huɗu masu kai ruwa ƙasa. Ƙurar hunturu tana toshe su, ruwan farko ya mai da ita laka, ruwa ya rasa hanya ya malalo kan silin. Sau da yawa zura waya mai laushi a bututun ya wadatar, ba sai an liƙe tagar da kwalta kamar yadda ake yawan gani ba.

Idan an gano ramin, aikin mai gyaran bodi ne. A kankare tsatsa har farin ƙarfe ya bayyana, a yi walda inda ya ɓule, a sa fentin kariya daga tsatsa, a mai da noti da washar roba da abin toshewa mai jure rana. Cusa bodi fila a kan tsatsa rufa-rufa ce, damina ɗaya take yi. Filawud ɗin da ya rabu ba ya komawa, a yar da shi. A bar motar a buɗe ta bushe sarai kafin a buga sabo, kuma a sa wani abu mai tare zafi tsakanin kwano da katako, fasinjan watan Afrilu zai yi wa mai motar addu'a.

Akwai haɗari biyu da ya kamata a faɗa ƙarara. Motoci da yawa da aka ƙera daga shekarun 2000 zuwa yau suna da jakar iska ta kariya a naɗe a gefen rufi, bayan silin. Allura ko ƙusar da aka soka a wurin na iya zama harsashi ranar da jakar ta fashe, don haka a cire kan batir kafin a taɓa wurin, kuma kada a soka komai. Na biyu gam ɗin kansa. Tururinsa na kama wuta, yana kuma bugarwa, dangin sholishon nan ne da ke lalata matasa. A yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da mai walda da mai shan taba, kuma kada maigida ya tura ƙaramin yaron shago cikin rufaffiyar mota da gwangwani a hannu.

Ga mai motar da ke Maruda ko wani ƙauye na Gwandu da Kalgo, gyaran silin yakan nufi rasa lodin yini guda a je gari wurin mai kujeru. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin ruwa ya sauka, tsakanin ƙarshen hunturu da watan Mayu, sa'ad da komai ke bushewa da wuri. Direba ya hau rufin motarsa ya girgiza ƙafafun kariya ɗaya bayan ɗaya, ya duba gindin kowane noti, ya zuba ruwan buta ɗaya a kai. Idan ɗigo ya bayyana a ciki, ya fara da mai walda kafin ya je wurin mai gam.